Taɓawa Uku

A Chimbote, inda ƙarnin kifi ke rigan rana tashi,
makarantarmu tana bayan masana'antar gwangwani.
Filinmu siminti ne, ya tsattsage kamar faso.
Ragar kuwa, baban Zoila ya yanko mana ita
daga tsohon tarunsa;
duk sanda iska ta taso daga teku
sai ta tuna sana'arta ta dā, ta kumbura ciki
tana neman abin kamawa.

Mu shida ne, ta bakwai na benci tana cin farce.
Zoila doguwa, in ta doka sai siminti ya yi tari.
Nélida mai ɗagawa, yatsunta kamar tana miƙa ƙwai.
Tagwayen gidan Quispe, da ko uwarsu sai ta duba tabo.
Rosaura sarkin latti, takalmi a hannu, burodi a baki.
Sai ni, 'yar gajeruwa, can layin baya,
aikina faɗuwa.
Na iya ta kuwa.
Gwiwoyina ba su taɓa ganin mako guda babu ɓawon ciwo ba.

Koci Eufemia ba ta da murya, usur ya cinye ta.
Da raɗa take yi mana faɗa:
"Taɓawa uku aka ba ku, ba huɗu ba.
Wadda ta riƙe ƙwallo ta ci amanar biyar.
In taki ce, buɗe baki ki ce taki ce."

Shekararmu ta ƙarshe muka je Trujillo wasan ƙarshe,
cikin bas mai tagar da ba ta rufuwa,
da dafaffen dankali da masara a ƙullin iyayenmu.
Ɗakin wasansu katako ne mai sheƙi,
har muka ji kunyar takalmanmu.
Muka ci, suka ci, muka ci, suka ci.
A zagaye na biyar, saura maki ɗaya su gama da mu,
wata ƙwallo ta taho, ba ta da ƙarfi ko kaɗan,
tana lilo kamar gashin tsuntsu.
Na dubi Rosaura.
Rosaura ta dube ni.
Ta sauka tsakaninmu, tim,
a wurin da bai fi faɗin faranti ba.

A hanyar dawowa ba wadda ta yi kuka
sai ta bakwai, da ko taɓa ƙwallon ba ta yi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Zoila na Madrid tana ɗaga tsofaffi daga gado.
Ɗaya tagwayen ta rasu, ɗayar ta daina duba madubi.
Nélida, ban san inda ƙasa ta kai ta ba.
An ce filinmu yanzu motocin malamai ke kwana a kai.
Rosaura kan kira ni duk ƙarshen shekara,
kafin gaisuwa ta ce, "Taki ce fa."
In ce, "Ƙarya kike, taki ce."
Mu yi ta dariya har kuɗin waya ya ƙare.

Jiya a Lima, na taso aikin dare daga asibiti,
ƙafafu kamar an ɗaura musu turmi,
na ratso wani lungu da yara suka tare da igiya
daga fal ɗin wuta zuwa tagar maƙwabta.
Ƙwallonsu ta kuɓuce, ta yo kaina,
tana lilo, ba ta da ƙarfi ko kaɗan.
Ban yi shawara da kowa ba.
Jakar lemon tsami ta zube,
hannuwana suka haɗu da kansu,
gwiwa ta sami ƙasa,
na ji wata yarinya daga cikin maƙogwarona
ta tsaga unguwar da ihu:

"Tawa ce!"

Yaran suka yi cirko-cirko.
Lemo na ta gangarawa kwata.
Ƙwallon tana sama.